Kafin Ka Yi Juye: Sintetik ko Baƙin Man da Aka Saba?

Kawuna yana da gona a fadama, nesa da kwalta, inda hanya kan zama laka da damina, ta koma rairayi da rani. Shekarun baya ya sayo wani babur mai ƙafa huɗu, ɗan Kwatano ƙirar Japan, irin masu faffaɗan taya ɗin nan da ake kira ATV, don ya riƙa jan buhunan taki da injin ban-ruwa zuwa bakin rafi. Da lokacin juyen farko ya yi, sai ya ce abin da ya ci kuɗi haka ba za a ba shi man kwalba na bakin titi ba. Ya aika birni aka sayo masa galan guda na man sintetik, irin wanda babban ɗansa ke zuba wa motarsa, mafi tsada a shagon. Ba a rufa mako biyu ba babur ya tsiro da wata ɗabi'a. A murɗa totur, inji ya yi ta kururuwa, tayoyi kuwa suna tafiyar hawainiya. In an ɗora kaya aka zo hawan tudu, sai ya toge wuri ɗaya yana ihu kamar akuyar da aka ɗaure.

Bakaniken ƙauyen ya kwance geji, ya lakato man a yatsa, ya murza, ya shinshina, sannan ya girgiza kai.

"Alhaji, ai wannan man ruwa-ruwa ne. Man ƙasar sanyi ne. Santsinsa ya yi wa kuloci yawa. Mu nan sai mai kauri."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Wato garin neman ƙiba na samo rama."

Bakaniken ya gano ciwon daidai, kuloci ne ke zamewa, kuma man ne ya jawo. Amma a wajen ba da dalili an bar jaki ana dukan taiki. Da Kawu ya zuba man mota wanda ba sintetik ba, mai ɗauke da irin sinadaran da ke cikin wancan galan, da abin da zai faru ke nan. Da kuma ya zuba sintetik ɗin da aka yi don babur, da kulocinsa na nan ƙalau. Wannan ruɗani na ji shi a bakin masu mashin da masu adaidaita sahu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma yana sa wasu su guji mai mai kyau, wasu kuma su zubar da kuɗi a kan man da bai dace da injinsu ba.

Baƙin mai, ko na wane kamfani ne, abu biyu ne aka gauraya. Akwai tushen man, wanda shi ne wajen kashi huɗu cikin biyar na abin da ke cikin gora, akwai kuma sinadaran da ake ƙara masa: masu wanke datti, masu riƙe toka kada ta kwanta, masu hana tsatsa, masu hana kumfa, masu kare ƙarfe daga cin ƙarfe. Kalmar sintetik a kan tushen kawai take magana.

Man da aka saba, wanda ake rubuta wa Mineral a jikin gora, daga ɗanyen mai ake tato shi. Ana dafa ɗanyen man a matata, fetur da kananzir da gas su fita, sai a ɗauki kaso mai nauyi a tsabtace shi. Komai iya tacewa, ƙwayoyin da ke cikinsa ba girmansu ɗaya ba, ba sifarsu ɗaya ba, kuma akan sami ragowar kakin da ke daskarewa a sanyi da ɓurɓushin farar wuta. Kamar katangar da aka gina da duwatsun da aka tsinto ne a dawa, tana tsayawa, amma wani babba wani ƙarami. Sintetik na asali kuwa bulo ne da aka buga a ma'auni ɗaya. A masana'anta ake harhaɗa ƙwayoyinsa daga ƙananan sinadarai, su fito kusan kai ɗaya. Shi ya sa zafi ba ya saurin tsinka shi, ba ya saurin ƙonewa ya bi iska, sanyi kuma ba ya sa shi barci yadda manja kan yi da hunturu.

Ba sabon abu ba ne. Jamusawa sun yi aiki a kansa sosai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ƙarancin ɗanyen mai da kuma sanyin Rasha da ke daskarar da man injinansu. Bayan yaƙi, injinan jiragen sama masu tsananin zafi suka riƙe shi. Sai a shekarun 1970 ya shigo kasuwar talakawan direbobi: Motul na Faransa ya fito da nasa a 1971, Amsoil na Amurka a 1972, Mobil 1 kuma a 1974.

Akwai wani abu da mai saye ya kamata ya sani game da sunan kansa. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen mai rukuni biyar. Na ɗaya da na biyu su ne man da aka saba. Na huɗu da na biyar su ne ginannun ƙwayoyi da muka ambata. Na uku shi ne ɗan tsakiya: daga ɗanyen mai ya fito, amma an gasa shi da iskar haidurojin a ƙarƙashin matsi mai tsanani har sifar ƙwayoyinsa ta sauya. A ƙarshen shekarun 1990 Mobil ya kai ƙorafi gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, cewa Castrol na kiran man rukuni na uku da sunan sintetik. A 1999 hukumar ta ce Castrol na da hujjar kiransa haka. Tun daga nan yawancin gorunan da ke ɗauke da Fully Synthetic a kasuwannin duniya na rukuni na uku ne, ko gaurayensa da na huɗu. Wannan ba aibi ba ne, mai ne mai inganci ƙwarai. Sai dai kalmar ta zama ta 'yan talla fiye da ta masana. Shi kuwa Semi Synthetic gauraye ne na biyun, kuma da wuya gora ta gaya maka kashi nawa na sintetik aka zuba.

To, me ya cinye kulocin Kawu? A mota, inji daban, giya daban, kuloci kuma a bushe yake, baƙin mai ba ya taɓa shi. A yawancin babura ba haka abin yake ba. Inji da giya da kuloci a ɗaki ɗaya suke kwana, mai ɗaya suke wanka da shi. Farantan kuloci suna jiƙe da mai, amma dole su iya damƙar juna in an saki hannu. Wato ana son man ya yi santsi a wajen fistin, amma kada santsin ya kai ya hana faranti kama ɗan'uwansa. Masu haɗa man motocin zamani kuwa babban burinsu rage shan fetur, don haka suke ƙara sinadaran rage gogayya, irin masu ɗauke da ƙarfen molibdenam. A mota alheri ne. A jiƙaƙƙen kuloci, sinadarin kan lulluɓe farantan su riƙa sulɓewa, sulɓin ya haifar da zafi, zafin ya ƙone fuskarsu ta yi sumul kamar tangaran. Daga nan ko an sauya mai, sau da yawa sai an sauya farantan.

Kamfanonin babur na Japan sun ga wannan matsala tana yawaita, shi ya sa a 1998 hukumar ƙa'idojin motoci ta ƙasar, JASO, ta fito da ma'auni na musamman don man babur. Harafi biyu za ka nema a bayan gora. MA na nufin man ya dace da kulocin da ke cikin mai. MB na nufin mai santsi ne, na irin sikuta masu bel waɗanda kulocinsu a bushe yake. A 2006 aka raba MA gida biyu, MA1 da MA2, na biyun ya fi damƙa. Littattafan Honda na babura masu ƙafa huɗu sun faɗa ƙarara cewa a nemi MA, kuma a guji duk man da aka rubuta wa Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin zagayayyen tambarin API. Da muka jawo galan ɗin Kawu daga bayan rumbu muka juya bayansa, rubutun na nan ɓaro-ɓaro a ƙasan da'irar. Babu wanda ya duba, don kowa gaban galan yake kallo, inda aka zana mota tana sheƙa gudu.

Wannan ƙa'ida ta shafi Boxer da Jincheng da sauran mashinan da muke hawa kullum, ta shafi adaidaita sahu ƙirar Bajaj da TVS, ta shafi har roba-roba. Mutane kan ɗauka tun da roba-roba ba shi da hannun kuloci, to ba shi da kuloci. Yana da shi, a ciki yake, yana aiki da kansa, kuma a cikin mai yake iyo. A ɓangaren masu ƙafa huɗu abin ya rabu. Na Polaris, kamfanin jihar Minesota ta Amurka, da bel suke tafiya a cikin busasshen akwati, man inji ba ruwansa da kuloci, kuma kamfanin sintetik 5W-50 ya ce a zuba wa yawancinsu. Grizzly na Yamaha shi ma da bel yake, amma yana da wani kuloci a bayan bel ɗin da ke cikin man inji. Ashe ganin bel kaɗai bai isa hujja ba. Littafin injin ne zai raba gardama, in kuma ɗan Kwatano ne da ya zo ba littafi, lambar ƙirarsa na jikin firam, a sa yaro ya nemo littafin a intanet.

Sai maganar kauri, wadda ita ce ta fi zama a zukatan mutane. Bakanike ya murza mai a yatsa, in ya ji shi da danƙo ya ce wannan mai ne, in ya ji shi tsararo ya ce ruwa ne. Matsalar ita ce yatsa na auna man ne a inuwar rumfa, inji kuwa yana amfani da shi ne a zafin da ya kai na tafasasshen ruwa ko ya wuce. Lambobin nan biyu da ke jikin gora, kamar 20W-50 ko 10W-40, labarin yanayi biyu suke bayarwa. Ta farko mai harafin W, wato hunturun Turawa, tana nuna yadda man ke gudana in inji ya kwana ya yi sanyi, kuma ƙanƙantarta ita ce saurin gudunsa. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. Saboda haka sintetik 10W-40 da man gama-gari 20W-40, in inji ya ɗau zafi, a aji ɗaya suke wajen kauri, ko da yake a tafin hannu ɗaya ya fi ɗaya ruwa-ruwa. Man shanu ma a ƙwarya da safe dutse ne, a kasko kuwa ruwa.

Kauri fiye da kima shi ma ba gwaninta ba ne. Da asuba in an buga kik, man yana ƙasan inji, sai famfo ya tura shi ta 'yan siraran hanyoyi kafin ya isa saman inji inda bawul suke. A 'yan daƙiƙun nan ƙarfe na gogar ƙarfe da ɗan abin da ya rage jiya. Mai kauri ya fi jinkirin isa. Lambar da maƙerin injin ya rubuta ita ce abin bi, kuma yawancin littattafai na ba da jadawalin lambobi gwargwadon zafin ƙasa. Don haka 20W-50 da aka saba zuba wa mashinan haya a nan ba kuskure ba ne in littafin ya yarda da shi, amma ba dokar kowane inji ba ce.

A ƙasashen da babur mai ƙafa huɗu ya fi yawa, rabin hujjar sayen sintetik sanyi ne. Tun da Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki kuma ya biyo da mai ƙafa huɗu a 1982, manoma da mafarauta da masu kiwo a Amurka da Kanada suka rungume shi. Mutumin da zai tayar da inji a Kanada da digiri 30 ƙasa da sifili, yana ture ƙanƙara daga ƙofar gida, man gama-gari a wurinsa ya zama kamar zuma a firji, sintetik kuwa yana kwarara. Mu wannan bai dame mu ba. Sanyin Jos da na hunturun Kano bai kai ya daskarar da kowane baƙin mai ba. Wanda ya sayi 0W don ya ji an ce shi ne na zamani, ya biya kuɗin bargon da ba zai lulluɓa ba.

Tamu matsalar zafi ce, kuma a nan ne sintetik ke cin kuɗinsa da gaske. Dubi mai tuyar ƙosai. Man gyaɗan da ta zuba da asuba garai-garai yake, kafin hantsi ya yi duhu, ya yi kauri, ya soma ɗaci, gefen kaskon ya yi baƙin danƙo. Zafi da iska ne suka yi masa haka, kuma abin da ke samun baƙin mai a cikin inji ke nan. Masana harkar na da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 a zafin mai, saurin lalacewarsa kan ninka. Yanzu ɗauki injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ba lagireto. An ƙera shi ne da tunanin zai riƙa gudu iska na bugunsa. Sai ga shi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafin gari ya haura digiri 40, yana jan buhu biyar a cikin rairayi da giya ta ɗaya, totur a murɗe, tafiya kuwa ba ta fi ta mai sassarfa ba. Inji na aiki iya ƙarfinsa, iskar da za ta sanyaya shi babu, laka kuma ta toshe tsagogin jikinsa. Man da ke cikinsa duka-duka bai fi lita biyu zuwa uku ba a mai ƙafa huɗu, a ƙaramin mashin kuwa wajen lita ɗaya. Wannan 'yar litar ita ke shan duk wahalar.

Ga kuma haƙoran giya. Don a sami mai guda da zai yi aiki a sanyi da zafi, akan zuba masa wasu sinadarai masu dogayen ƙwayoyi kamar zare, waɗanda ke hana shi tsinkewa in ya yi zafi. A babur, man na bi ta tsakanin haƙoran giya, su kuwa suna datse zaren nan kamar almakashi. Sannu a hankali man da aka zuba yana 50 sai ya koma 40, ko ƙasa. Tushen sintetik da kansa yana riƙe kaurinsa a zafi, bai cika buƙatar zaren da yawa ba, don haka abin da giya za ta datse kaɗan ne. Mai adaidaita da ke wuni a cunkoson Kantin Kwari da Sabon Gari, tafi kaɗan tsaya kaɗan, da manomin da ke jan kaya a yashi, su ne mutanen da wannan bambanci zai yi wa amfani a zahiri.

Amma akwai abin da sintetik bai iya ba, kuma shi ne masu talla ba sa faɗa. Babban abin da ake yi masa kirari da shi shi ne daɗewa, a ce motar da ake yi wa juye bayan kilomita 5,000 za ta kai 10,000 ko fiye. Wannan lissafin motar da ke bin kwalta ne, mai babbar filtar mai, mai lita huɗu ko biyar a ciki. Mu kuwa ƙura muke shaƙa. Hazon hunturun da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da ƙurar hanyar burji, da rairayin fadama, duk suna neman hanyar shiga inji. A cikin rairayi akwai ƙwayoyin ma'adinin da ya fi yawancin ƙarfen inji tauri. In suka wuce soson iska suka shiga mai, man ya zama abin wasa wuƙa, yana zagayawa yana cin ringi da bangon silinda da boris. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Mai na naira dubu da mai na naira dubu goma, in yashi ya shiga, aiki ɗaya za su yi. Ƙananan mashina da yawa ma ba su da filtar takarda, 'yar raga ce kawai kamar rariya da wani kwano mai juyawa da ke tara datti. Hanya ɗaya ta fitar da yashin ita ce a kwance noti a zubar da man.

Honda ya koyi wannan darasi tun da daɗewa. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyinsa su zagaya kasuwannin Asiya, irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, su gano abin da ya sa mashinansa ke mutuwa da wuri. Suka tarar mutane na ɗora wa babur iyali guda da kaya, ba a yi masa juye sai man ya zama kamar kwalta, filtar iska ta takarda kuwa ta cushe ta zama kamar bangon ƙasa. Maimakon su tsaya wa'azi, sai suka koma suka ƙera injin da zai jure sakaci, suka sa masa soson iska da ake wankewa a mayar. Shi ne CG125 da ya fito a 1975, wanda kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayon injinsa, har jikokinsa suka cika titunanmu. Injin ya jure, amma juriya ba ta hana tsufa da wuri.

Shi ya sa littafin babur mai ƙafa huɗu ba ya dogara da kilomita kaɗai, har da awoyin aiki yake ƙirgawa, domin injin da ya wuni a gona yana iya yin awa takwas bai yi kilomita 30 ba. Jadawalin Honda na irin waɗannan babura ya ce juyen farko bayan kilomita 150 ko awa 20, daga nan kuma duk kilomita 1,000 ko awa 100, wanda ya riga zuwa, tare da gargaɗin a gajarta in ana aiki cikin ƙura ko yashi. Bai ce in ka zuba sintetik ka ninka ba. Haka nan ruwa: in aka tsallaka rafi ruwa ya kai inji, a duba geji. In man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a zubar nan take ko jiya aka zuba shi, ko nawa aka saye shi.

Sintetik yakan ninka man gama-gari a kuɗi sau biyu, wani lokaci sau uku. Hatsarin da na fi gani ba a cikin gorar yake ba, a zuciyar mai saye yake. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, sai ya ji ƙyashin zubar da man, ya ce ai an ce yana daɗewa, ya bar shi wata huɗu a cikin ƙura. Maƙwabcinsa mai zuba na gama-gari na gaske, yana juye a kan kari, yana wanke soso, injinsa sai ya binne na mai tsadar. Ni a ganina, in aljihunka zai iya sayen sintetik mai alamar MA kuma ka ci gaba da juye a lokacin da littafi ya ce, saye shi, musamman in injinka na iska ne kuma aikin nauyi yake yi da bazara. In kuwa sayensa zai sa ka riƙa ɗaga ranar juye, bar shi, ba ka yi asarar komai ba. Wanda maƙerin injinsa ya ce sintetik, shi ba shi da zaɓi.

Sauran maganganun da ake yi ba su da nauyi sosai. An ce in ka fara sintetik ba ka komawa, ko ba a gauraya su: ana komawa, kuma ana gaurayawa, Semi Synthetic ma ai gauraye ne. An ce yana sa tsohon inji yoyo: a zamanin farko an sami irin da ke taɓa robar sil, an daɗe da gyara wannan. Abin da kan faru yanzu shi ne tsohon sil ya riga ya tsage, dattin da ya daskare ne ya toshe tsagar, sabon mai ya wanke dattin, ɓarakar ta bayyana. Injin da ya riga ya soma hayaƙi yana shan mai kuwa, ringi yake nema, zuba masa mai tsada ciyar da salansa ne kawai. In an yi wa inji sabon ringi, bakanikai da yawa sun fi son a fara da na gama-gari har ringin ya zauna, kuma tun da wannan man ba zai daɗe ba za a zubar, shawarar tasu ko ta fuskar aljihu ma daidai ce. Duk wannan bayani na injin da mansa ke zaune a ƙasa ne. Tsofaffin mashina da ƙananan janareto da ake gauraya wa mai a cikin fetur, nasu man daban ne, mai alamar 2T, kada a haɗa.

Abin da ya fi duk wannan muhawara girma a kasuwarmu shi ne jabu. Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, an yi mata sashen fitar da tushen baƙin mai, wanda aka tsara shi ya yi aiki da ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya, don namu bai dace da wannan aikin ba. Da sashen ya daina wadatarwa, tushen da masu haɗa mai ke amfani da shi ya koma na shigowa daga waje. Wani ɓangarensa kan zurare ya isa bakin titi tsurarsa, ba sinadari ko ɗaya, a ɗura a kwalba a sayar a matsayin baƙin mai. Ga kuma masu bin gareji suna sayen tsohon man da aka juye, su tace shi da tsumma, su sa masa kala, su zuba a gorar babban kamfani da suka tsinto. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kama irin waɗannan kaya. Kuma ɗan jabu gorar da ta fi tsada yake kwaikwaya, don a nan ribar take, saboda haka mai neman sintetik a rumfar da bai sani ba shi ne ya fi kusa da faɗawa tarko. Kyan ɗan maciji ne. A saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, a duba murfi ko an taɓa ɓalle shi, a kankare lambar tantancewa in akwai, a duba haruffan API. Suna tafiya ne bi da bi, SG, SJ, SL, SN, SP, har zuwa waɗanda suka biyo baya. In ka ga SA, cibiyar da kanta ta ce wannan ba shi da sinadarai, kuma bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. In an gama juye kuma, a huda gorar kafin a yar.

Kawu dai sai da ya sayi sabbin farantan kuloci, aka jiƙa su a mai suka kwana kafin a ɗaura. Ragowar galan ɗin ya koma wa mai motar, inda ya dace tun farko. Yanzu 10W-40 yake zubawa, gauraye, mai MA2 a cikin ɗan akwatin da ke bayan gora, kuma ba ya biyan kuɗi sai ya sa tabarau ya ga haruffan da idonsa. Agogon babur ɗin ya daɗe da mutuwa, don haka a bangon rumbu yake jan layi da gawayi, kowace ranar aiki layi ɗaya, in sun cika goma sha biyar da rani sai ya kira bakanike. Soson iska kuwa aikin ƙaramin jikansa ne duk ranar Juma'a da safe, ya wanke, ya shanya a kan dangar kara, in ya bushe ya ɗiga masa mai ya matse. Bakaniken har yau in ya zo sai ya lakato man ya murza a yatsa, ya ce, "Alhaji, ni dai har yanzu ruwa-ruwa nake jin sa." Kawu ya ce masa, "Zuba dai, ɗana."